Kwalin Harsashi Da Ya Dawo Da Barewa Dajin Amurka

Ga rubutaccen shirin wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da waɗanda karatu ya fi musu daɗi.

Yau Amurka za mu je, kuma kanti za mu shiga. Na san kalmar harsashi ba ta da daɗin ji a Arewa a wannan zamani, abin da take tuna mana daban ne. Amma ku ara mini hankalinku. Harsashin da za mu yi magana a kai na farauta ne, kuma a cikin tarihinsa akwai labarin yadda wata dabba ta kusa ƙarewa a ƙasa guda, sannan ta dawo.

Duk shekara, wajen Oktoba da Nuwamba, miliyoyin Amurkawa ke shirin shiga daji farautar barewa. A jihar Mishigan ranar 15 ga Nuwamba ake buɗe farauta da bindiga, kuma ranar kamar sallah take a ƙauyukansu. A Pensilbaniya akwai makarantun da suka daɗe suna ba da hutu a lokacin, don ɗalibai da malamai duk suna daji. Kafin ranar ta zo, mutum zai shiga kanti ya tsaya gaban kwalaye jere, kowane kwali da harsashi 20 a ciki. Abu uku ne a rubuce a jikin kwalin: lamba da suna, misali .30-06 Springfield, nauyi, misali 150, sai kuma irin kan harsashin. Akwai abu na huɗu da ba a rubuta ba, yana ɓoye cikin farashin. Waɗannan huɗun za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Amma bari mu fara da dabbar kanta. Barewa muke ce mata don ita ce kalmar da ta fi kusa, sai dai ba irin tamu ba ce. Ta fi tamu girma, ƙasan wutsiyarta fari ne, tana ɗaga shi in ta firgita. Namijin yana da ƙaho mai rassa kamar bishiya, yana zubar da shi duk shekara ya tsiro sabo. Lokacin da Turawa suka isa nahiyar, bareyin nan miliyoyi ne. Fatarsu ta zama haja, a ƙarni na 18 ana loda ta a jiragen ruwa daga tashar Charleston zuwa Ingila dubbai kan dubbai duk shekara. Har ana cewa kalmar "buck" da Amurkawa ke kiran dala da ita, daga sunan fatar namijin barewa ta samo asali, don da ita ake ciniki.

Bindigar wancan lokaci, duk wanda ya taɓa ganin bindigar toka a hannun maharbanmu ya san ta. A zuba albarushi ta baki, a sa tsumma, a sa dalma, a danna da ƙarfe, a harba sau ɗaya, hayaƙi ya rufe ido, a sake ɗuri. Babu maganar sayen harsashi a kwali, kowa shi ke auna wa kansa. Daga tsakiyar ƙarni na 19 ne aka haɗa komai wuri guda: kwanso na tagulla, albarushi a ciki, dalma a baki, da wani ɗan maɓalli a gindi da ke tayar da wuta in an buge shi. A 1873 kamfanin Winchester ya fito da bindiga mai cin harsasai da yawa a jere, da harsashinta .44-40. Lambar farko faɗin harsashin ne a ma'aunin inci, ta biyu nauyin albarushin da ke ciki.

To, ku haɗa irin wannan bindiga da jirgin ƙasa mai kai nama birane, da kasuwa mai saye, da rashin doka. Mutane suka mayar da harbin namun daji sana'a. Ɓaunar Amurka da take miliyoyi a filayen yamma ta koma ƙasa da 1,000 a daji kafin 1890, kuma wasu manyan sojojin ƙasar sun yi maraba da hakan, domin ƙarewar ɓauna yunwa ce ga ƙabilun asali da ake yaƙa. Akwai wata tattabarar daji da garkenta kan rufe rana in suna wucewa. Ta ƙarshe a duniya ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati ranar 1 ga Satumba, 1914. Ita kuwa barewa mai farar wutsiya, wajen 1900 an ƙiyasta saura ba su wuce 500,000 ba a duk faɗin ƙasar. A wasu jihohin, in mutum ya ga sawunta sai ya zama labari.

Abin mamaki, a daidai wannan lokaci ne aka haifi harsashin da ya fi kowanne suna wajen farautar barewa. A 1884 wani masanin Faransa, Paul Vieille, ya haɗa albarushi marar hayaƙi, wanda ya fi tsohon ƙarfi nesa ba kusa ba. Gudu ya ƙaru, har dalma tsurarta ba ta iya jurewa, sai ta goge a cikin bututun bindiga. Maganin wannan shi ne a sa wa dalmar riga ta jan ƙarfe, dabarar da wani hafsan Suwizalan, Eduard Rubin, ya fito da ita a 1882. A 1895 Winchester ta haɗa waɗannan biyun ta fitar da harsashin da yanzu ake kira .30-30, domin bindigarta samfurin 1894 da John Browning ya tsara. An ƙera wannan bindiga sama da miliyan 7. Ga kayan aiki ya zo, barewar da za a harba kuma ta kusa ƙarewa.

Su wa suka fara ihu? Mafarauta ne da kansu, musamman masu hali da ke farauta don nishaɗi. A 1887 Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, da abokinsa George Bird Grinnell suka kafa ƙungiyar Boone and Crockett, suna neman a hana farautar kasuwa. A 1900 majalisa ta zartar da dokar Lacey, wadda ta haramta tsallaka iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. Jihohi suka sa lokacin farauta, suka ƙayyade yawan abin da mutum ɗaya zai harba, suka fara sayar da lasisi. Sai dai doka ba ta gadin daji da kanta. Ana buƙatar ma'aikata, da motoci, da filaye, da masana. Kuɗin lasisin da ake tarawa kuma, a jihohi da yawa gwamnati na kwashe shi ta yi wasu hidimomi da shi.

Nan ne abu na huɗu ya shigo, wanda na ce yana ɓoye cikin farashi. Tun 1932 akwai harajin da gwamnatin tarayya ke karɓa a kan bindigogi da harsasai, yana faɗawa babban asusu kamar kowane haraji. Sanata Key Pittman na Nebada da ɗan majalisa A. Willis Robertson na Birjiniya suka kawo ƙudurin a ware wannan kuɗi domin namun daji kaɗai. Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu ranar 2 ga Satumba, 1937. A yau harajin kashi 11 cikin 100 ne a kan harsasai da dogayen bindigogi, kamfani ke biya, ya ɗora wa mai saye. Ana raba kuɗin ga jihohi bisa faɗin ƙasarsu da yawan masu lasisin farauta. Jiha ta kawo aiki, tarayya ta biya kashi 75, ita ta cika 25.

Amma ku ji inda gizo ke saƙa. Robertson ya taɓa shugabantar hukumar namun daji ta jiharsa, ya san inda kuɗi ke zurarewa. Sai ya ƙara sharaɗi guda a dokar: duk jihar da ke son kasonta, dole ta yi doka cewa kuɗin lasisin farauta ba zai tafi ko'ina ba sai hukumar namun daji. Ka taɓa shi, ka rasa na tarayya. Cikin ɗan lokaci kusan duk jihohin suka bi. Ku da kanku kun san abin da ke samun kuɗin da ba a ɗaure shi da irin wannan igiya ba. Da wannan kuɗi aka sayi dazuzzuka, aka ɗauki masana, aka riƙa kama bareyi daga inda suka rage ana kai su inda suka ƙare. Gonakin da aka bari a gabashin ƙasar su ma suka koma daji, abin ya taimaka. Yau ana ƙiyasta barewa mai farar wutsiya ta kai kusan miliyan 30, mafarauta na harbe kimanin miliyan 6 a shekara, adadin bai ragu ba. Akwai shekarun da kuɗin wannan haraji ya haura dala biliyan 1 a shekara.

To mu koma gaban kanta. Abu na farko, lamba da suna. Ita .30-06 harsashin soja ce: 30 faɗinta, wato milimita 7.62, 06 kuma shekarar 1906 da sojan Amurka ya karɓe ta. A yaƙin 1898 a Kuba, Amurkawa sun sha wuya a hannun bindigar Mauser ta sojojin Sifen, shi ya sa suka koma suka sake tsari. Da .30-06 aka yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da na Koriya. Samari miliyoyi suka dawo gida sun saba da ita, ga ragowar bindigogin soja da arha, sai ta zama ta farauta. Bambancinta da .30-30 a fili yake. Harsashi mai nauyi iri ɗaya yana fita daga .30-30 da gudun kimanin mita 730 a daƙiƙa, daga .30-06 kuma kimanin mita 890. Bayan haka kan .30-30 na gargajiya a dakushe yake, domin a bindigarta harsasai na jere ne a bututu, hancin wannan a gindin wancan. Da mai tsini ne zai iya tayar da na gabansa. Don haka ta fi dacewa da kurmi, inda ba a hango dabba daga nesa. Mai farauta a fili kuwa, .30-06 ko makamanciyarta zai nema.

Daga nan kasuwa ta buɗe. A 1925 aka fito da .270 Winchester, wadda marubuci Jack O'Connor ya shafe shekaru yana yabo a mujallar Outdoor Life har ta shahara. A 1952 sai .308 Winchester, shekara biyu kafin ƙungiyar NATO ta karɓi 'yar'uwarta ta soja. A 1955 sai .243, wadda ba ta bugun kafaɗa sosai, iyaye kan saya wa yara masu koyo. A 2007 kamfanin Hornady ya fitar da 6.5 Creedmoor don gasar harbin nesa, mafarauta suka rungume ta. Har doka ma ta haifi harsashi: wasu jihohi masu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da yawan jama'a, irin su Ohayo, ba su yarda da harsashi mai tafiya nesa sosai ba, sai Winchester ta ƙera .350 Legend a 2019 daidai da ƙa'idarsu.

Wani zai ce, yaya aka yi harsashin wannan kamfani ke shiga bindigar wancan? A 1926 kamfanonin suka kafa ƙungiyar SAAMI, suka yarda da ma'auni guda na girman kwanso da ƙarfin matsin wuta ga kowane suna. Wannan ne ya sa sayen harsashi a kanti ya zama abin dogaro. Kuma daga nan ƙa'idar farko ta fito: sunan da ke kan kwali dole ya zama shi ne aka buga a jikin bututun bindiga, harafi da harafi. Ku duba, .30-30 da .30-06 da .308 faɗin harsashinsu ɗaya ne, amma kwansonsu daban-daban ne. Wanda ya yi ganganci ya cusa wanda ba nata ba, bindiga na iya fashewa a fuskarsa.

Abu na biyu, nauyi. Wannan 150 ɗin ma'aunin giren ne, tsohon awo na Turawa da aka samo daga ƙwayar hatsi. Giren 150 bai kai giram 10 ba. Mai sauƙi ya fi gudu kuma bugun kafaɗarsa kaɗan ne, mai nauyi kamar 180 ya fi nutsewa cikin jiki. Barewa ba dabba ce mai kaurin fata ba, shi ya sa a .30-06 da .308 akasari 150 ko 165 ake ɗauka, a bar 180 zuwa sama ga manyan dabbobi.

Abu na uku, irin kan harsashin, nan ne tarihin ya fi ɗaure kai. Harsashin soja rigar jan ƙarfe ta rufe hancinsa gaba ɗaya, yana huda jiki ya wuce. A tsakiyar shekarun 1890, a masana'antar makaman Turawan mulkin mallaka na Ingila da ke Dum Dum kusa da Kalkata a Indiya, aka bar dalmar hancin a buɗe, sai harsashin ya riƙa bajewa kamar laima in ya shiga jiki. Raunin da yake yi ya sa a 1899, a birnin Heg na ƙasar Holan, ƙasashe da yawa suka sa hannu kan haramta shi a yaƙi. To irin wannan harsashi da aka hana a harbi mutum da shi, shi doka ke tilasta wa mafarauci a jihohi da dama. Dalili? Harsashin da ya huda ya wuce yakan bar barewa ta gudu da rauni, ta kwana tana shan azaba, ta mutu inda ba wanda zai same ta. Mai bajewa yana gama aikin cikin daƙiƙoƙi in an sa shi a huhu da zuciya.

Matsalar ita ce ya baje daidai. In ya buɗe da wuri sai ya tarwatse a kan ƙashin kafaɗa, in ya ƙi buɗewa ya zama na soja. A 1939 Remington ta fitar da Core-Lokt, mai rigar da ke riƙe dalmar ciki kada su rabu, kuma har gobe ana sayar da shi a koren kwalinsa. A 1946 wani mutumin Oregon, John Nosler, ya je farauta Kanada ya harbi wata ƙatuwar dabba dangin barewa da ake kira mus, jikinta duk busasshen taɓo, harsasansa suka kasa shiga yadda ya kamata. Ya koma gida ya ƙera harsashi mai ɗaki biyu da katanga a tsakiya: gaba ya baje, baya ya ci gaba da nutsewa. Ya fara sayarwa a 1948 da sunan Partition. Shekaru da yawa sai masu ɗura kwansonsu a gida ne ke morar irin wannan, har sai 1977 da kamfanin Federal ya fara sa shi a harsashin kanti. Tun daga nan tazarar da ke tsakanin na gida da na kwali ta riƙa raguwa.

Saura rigimar da ake ciki yanzu, wato dalma ko jan ƙarfe. Harsashin dalma in ya baje yana watsa ƙananan ɓarɓashi cikin nama. Mafarauci kan farke dabba a daji ya bar kayan ciki a nan, tsuntsaye masu cin mushe su zo su ci. A Kalifoniya akwai wata ƙatuwar ungulu da ake kira kondo, faɗin fikafikanta ya kusa mita 3. A 1982 guda 22 suka rage a duniya. A 1987 aka kama dukkan na daji aka killace, aka hayayyafa su, aka fara sakinsu a 1992, sai aka ga gubar dalma ce kan gaba wajen kashe su. Jihar ta hana harsashin dalma a yankin ungulun ta dokar 2007, ta faɗaɗa a 2013, daga 1 ga Yuli, 2019 kuma haramcin ya shafi kowace irin farauta a duk jihar. Abin bai tsaya kan tsuntsu ba. A 2008 wani likita a Dakota ta Arewa ya ɗauki hoton niƙaƙƙen naman barewa da mafarauta ke bayarwa sadaka ga mabuƙata, da na'urar hoton ƙashi, ya ga ɓarɓashin ƙarfe a sama da rabin ƙunshin da ya gwada. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, ba sai an yi mana dogon bayani kan haɗarinta ga ƙaramin yaro ba.

Madadin yana nan. Tun 1989 kamfanin Barnes ya fitar da harsashi na jan ƙarfe zalla, yana buɗewa kamar fure ba tare da ya tarwatse ba. Sai dai yana da nasa sharuɗɗa. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka harsashin ya fi tsawo, kuma yana son gudu sosai kafin ya buɗe, shi ya sa masu amfani da shi kan ɗauki mai ɗan sauƙi. Ya kuma fi tsada. Ƙungiyoyin masu bindiga irin su NRA suna adawa da haramcin, suna cewa hanya ce ta tsawwala wa talakan mafarauci har ya haƙura. Wasu jihohin, kamar Arizona, sun bi ta lallami, suna ba mafarautan yankin ungulun harsashin jan ƙarfe kyauta.

To a ƙarshe yaya gogaggen mafarauci ke zaɓa? Ya duba dokar jiharsa. Ya duba sunan da ke jikin bindigarsa. Ya sayi kwali biyu ko uku na kamfanoni daban-daban, ya je filin gwaji, ya kafa takarda a yadi 100, wato kimanin mita 91, ya ga wanne ne ke taruwa wuri guda, don bindigogi biyu daga masana'anta ɗaya ma kowace da abin da ta fi so. Wurin da ake nema a jikin barewa bai wuce faɗin farantin cin abinci ba. Wanda ya dace, shi zai saita madubin bindigar a kansa, kuma ba zai canja ba sai ya sake gwaji. Mai tsada da bai taru ba, mai arha da ya taru ya fi shi. Sannan mai hankali kan sayi isasshe tun da wuri. A 2020, da annobar korona ta haɗu da rububin sayen makamai da karyewar kamfanin Remington, kantuna sun yi wayam, mutane da yawa sun shiga kaka suna yawon neman kwali ɗaya.

Kada ku ɗauka labarin ya ƙare lafiya lau. An kashe kyarkeci da sauran masu cin barewa a yawancin gabashin ƙasar tun tuni, yanzu bareyin sun yi yawa a wurare da dama, suna cinye ƙananan itatuwa, motoci na karo da su sama da sau miliyan 1 a shekara. Kason mafarauta cikin jama'a yana raguwa. Kaso mafi tsoka na harajin 1937 kuma yanzu daga aljihun waɗanda ba sa farauta yake fitowa, masu sayen bindiga don gasa ko tsaron kai. Ma'ana, kuɗin kula da namun dajin Amurka yana ƙaruwa ne a duk lokacin da tsoro ya sa mutane rububin makamai, a ƙasar da harbin bindiga ke cin rayukan dubban mutane duk shekara. Masana can suna ta muhawara ko ya dace a ci gaba da jingina daji da wannan kasuwa, ko a nemo wata hanyar.

Ku fa, me kuka gani? Ya halatta a rayar da daji da kuɗin harsashi, ko kuwa tsarin na buƙatar gyara? Muna jiran ra'ayoyinku. A tura wa wanda bai gani ba. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.